Fitilar da Yaya Ya Bari a Kunne

"Mutumin da daga kan gadonsa yake gyara injin nan, me ya fito da shi titi ranar?"

Sista ce ta faɗa, tana wanke hannu a famfon da ke bayan ɗakin ɗibar jini. Ba da ni take ba. Da Manaja take, shi ɗin ma ba amsa take nema a wurinsa ba, irin maganar nan ce da mutum yake yi yana waige-waigen neman tawul. Manaja ya ce, "Lokaci ne ya yi, Sista," suka wuce. Ni ina tsugune a bayan ƙofa ina zuba takarda a firinta, ba su gan ni ba. Sai da na daina jin takunsu na miƙe. Ranar ce na fara komawa aiki, kwana goma sha ɗaya da rasuwar Yaya.

A wurin gwaje-gwaje nake aiki, inda ake ɗibar jini a kuma ɗauki hoton ƙirji. Ni ce mai buga sakamako in sa a ambulan. Aikin ya dace da ni, don ba sai na kalli fuskar kowa ba, lamba kawai nake tambaya in miƙa. Yaya ne ya samo min shi bayan na gama sakandare na shekara a gida ba na komai. Shi ba ma'aikacin wurin ba ne. Yana kula da injinan kwamfuta na wurare biyar ko shida, namu ɗaya daga ciki, kuma kusan duk daga gida yake yi, yana zaune a ƙasa da singileti, 'yarsa tana hawa bayansa.

Injinan namu suna ƙarƙashin matakala, a wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye bokitai. Guda uku ne, baƙaƙe, a kwance ɗaya kan ɗaya a cikin kejin ƙarfe, kamarsu ɗaya sak. Sabar ake ce musu. Duk sakamakon da na taɓa bugawa yana cikinsu. Ɗakin ba taga, esi ba ya hutawa, fankokin injinan kuma suna wani irin kuka da in ka daɗe a ciki sai ka fito da shi a kunne. Waya ba ta samun sabis a wurin.

Ranar da na fara aiki Yaya ya zo da kansa ya nuna min. Ya ce a cikin kowane injin akwai wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ba ta kai tafin hannu ba. Tana da kebul nata daban a baya, tana kuma da shafinta da ake buɗewa a burauza kamar kowane shafi. Ko an kashe babban injin, ita tana nan a farke. Ta nan yake ganin zafin injin da gudun fankoki, ta nan yake kashewa ya kunna daga gida. Ɗan Gadi yake ce mata.

"Masu gadi biyu gare ku a nan," ya ce. "Akwai Baba na bakin get, wanda ƙarfe biyu na yi haɓarsa take sauka a ƙirji. Akwai kuma wannan, ko ƙyafta ido ba ya yi. Duk abin da ya faru sai ya rubuta. Ɗan gulma ne na ƙarshe, ki kiyaye shi."

Ya buɗe min suna a shafin. Auta, yadda ake kirana a gida. Na ce ya sa sunana na gaskiya, ya ce ai injin ma da ya gan ni ya san auta ce. Da sunan nawa kallo kawai nake iya yi, duk maɓallan sun dushe, ba sa dannuwa.

"Ido na ba ki, ban ba ki hannu ba. Hannu kina da shi a nan ɗakin. Ni kuma ina da hannu a shafi, ba ni da shi a ɗaki. Kin ga mun zama mutum ɗaya da rabi."

"Waye rabin?"

"Har sai kin tambaya?"

Tunda injinan kamarsu ɗaya, kowane yana da wata 'yar shuɗiyar fitila a goshi. In yana so in taɓa ɗaya, sai ya kunna fitilarsa daga can, in shiga in ga wanda yake haske. In na gama in gaya masa, ya kashe. Da yatsa ma ana iya kashe ta, don maɓalli ce, amma ya ce in riƙa bar masa, ta haka yake sanin aikin da ya rufe da wanda bai rufe ba. Haka muka yi wata bakwai. Wani lokacin ba wani aiki, sai ya kunna duka ukun don kawai in fito a guje in kira shi, ya ce gwadawa yake ko ina barci a bakin aiki.

Ranar Talatar da abin ya faru, tara da 'yan mintoci, saƙonsa ya shigo. "Na kunna miki. Na tsakiya yana zafi, share masa hanci." Hanci shi ne ragar gaba inda iska ke shiga. Na ɗauki buroshi na shiga, na ga fitilar, na share ragar tas. Iyakar abin da ya sa ni ke nan. Amma da na leƙa bayan kejin sai na ga ƙura ta yi kauri a kan wayoyin baya, na ce bari in burge shi. Na zura hannu da tsumma ta gefe, inda ko gani ba na yi sosai, na goge, na goge, na fito. Layi ya riga ya taru a teburina. Na jefa wayata a jaka na tura durowa, don Manaja ba ya son ganin waya a hannun ma'aikaci. Ban aika wa Yaya cewa na gama ba. Na ce anjima.

Wajen biyu saura na tuna na bar buroshin a ciki. Da na sunkuya zan ɗauka, sai na hango wani siririn kebul rawaya yana reto a bayan na tsakiya. Na san shi. Na Ɗan Gadi ne. Ɗan haƙorin roba da ke riƙe shi a rami ya daɗe da karyewa, Yaya yana ta cewa zai kawo sabo. Na mayar da shi. Ya shiga shiru, ba tare da ƙas ɗin nan da sauran suke yi ba. Na waiga ko wani ya gani, na ja ƙofa.

A waya na tarar da kiransa guda ɗaya, na sha ɗaya da minti ashirin. Yaya yakan kira ni don abin da bai kai ya kawo ba, ko Mama ta sha maganinta, ko na tuna inda ya ajiye wata tsohuwar caja shekara biyu da suka wuce. Na kira, wayar a kashe. Ƙarfe uku Kawu, ƙanin Mama, ya shigo ya tsaya a gaban teburina kamar mai jiran sakamako. Har na buɗe baki zan tambaye shi lamba.

Wata babbar mota ce ta buge Yaya a kan babur, a shataletalen da ke bayan gada, wajen sha biyu. Hanyar nan ita ce take zuwa wurinmu. Ita ce kuma take zuwa kasuwar kayan kwamfuta, da gidan Mama, da rabin garin. Na zauna na jera wuraren nan a kaina sau ba adadi. Maganar kebul kuwa ban gaya wa kowa ba.

Fitilar tana nan a kunne. Ba wanda ya kashe, don ba mai shiga ɗakin sai ni. Kullum da safe in na buɗe ƙofar, kafin in kai hannu ga makunnin lantarki, ita ce take fara tarbata, ta zuba shuɗi a bango da bayan hannuna. Kamar har yanzu yana can a zaune yana jira in ce na gama. Wata rana na tsinci kaina na faɗa a fili, "Na gama, Yaya." A daidai lokacin fankokin suka ɗaga murya, kamar yadda suke yi su kaɗai in zafi ya ɗan ƙaru. Na san dalilin sarai. Duk da haka da baya-baya na fita.

Akwai ranar da aka ɗauke wuta da rana tsaka, janareta ya ƙi tashi. Batirin da ke riƙe injinan ya fara kukansa, tit, tit, tit. Na bar wata mata da ambulan a hannu na ruga ɗakin, na tsaya a cikin duhu ina kallon fitilar ina ƙirga kukan. Sista ta leƙo ta ce, "Ke kuma lafiya? Ko ke ce za ki hura masa wutar da baki?" Da janaretan ya tashi na koma teburina. Matar tana nan tsaye. Ta ce ta ɗauka abin da na gani a takardarta ne ya sa na gudu.

Shafin ma kullum sai na buɗe. Zafi ashirin da uku, fankoki shida duk kore. A gefe akwai jerin masu izinin shiga, suna biyu ne kawai, nasa a sama, nawa a ƙasa. Wata safiya na lura da wani ɗan rubutu a kusurwa da ban taɓa kula da shi ba, wai mutum ɗaya yana ciki yanzu. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane ni ce mutum ɗayan. A ƙasan sunayen akwai inda ake dannawa a ga rajista, inda Ɗan Gadi yake tara gulmarsa. Wata huɗu ina kai kibiyar maus kai ina janyewa.

Mutum ɗaya ce take gida tare da Yaya safiyar nan, matarsa, wadda nake ce wa Anti. Da can ni da ita har ƙofa muke turawa mu yi gulmarsa yana jinmu daga falo yana cewa Allah yana ganinmu. Bayan rasuwar sai na koma ba na zuwa sai tare da Mama. In mun je in ɗauki yarinyar in fita da ita tsakar gida, ko in tsiri wanke-wanken da ba wanda ya sa ni. In Mama ta tashi za ta yi alwala, ni ma in tashi. Anti ta lura. Wata rana a bakin ƙofa ta riƙe min gefen mayafi ta ce, "Auta, ni kuma me na yi miki?" Na ce ba komai, kaina ne yake ciwo. Ta kalle ni, ta saki mayafin.

A wata na biyar Manaja ya kawo sabon injiniya. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma da inji yake hira kamar da mutum. Ni aka ce in buɗe masa ɗakin.

"Sannunku da hutawa, 'yan uku," ya ce wa injinan. "Wa ke muku shara haka? Na shiga ɗakuna irin wannan da sai da na nemi shebur kafin in ga injin."

Na ce ni ce.

"Allah ya yi albarka. Wannan kuma wa ya bar ta a kunne?" Ya miƙa yatsa.

"Bari!"

Ni kaina ban san muryata ta kai haka ba. Ya tsaya da yatsan a iska. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, ya kalle ni ta duka biyun.

"Yayana ne ya kunna," na ce.

Ina jin Manaja ya riga ya ba shi labari, don bai tambayi ko waye yayan nawa ba. Ya mayar da hannun aljihu. "To, a bar ta yau."

Ya zauna a teburina ya buɗe shafin, ya nemi kalmar sirrin Yaya. Manaja bai sani ba, ni ma ban sani ba. Aka ɗauko fayil ɗin da Yaya ya bari a ofis, akwai na komai ban da wannan. Injiniya ya shiga da sunana, ya yi ta leƙe-leƙe yana tsaki a hankali.

"Manhajar nan ta tsufa, Manaja. Ta yi shekara biyu ba a sabunta ta ba, kuma ɓarakar da ke cikinta ba wanda bai sani ba. Wani yana zaune a can wata ƙasa zai iya shigowa ya kashe muku injin yana kurɓar shayi."

Na ji haushin maganar, kamar Yaya yake wa faɗa a gabana.

"Ga shi mai makulli ya tafi da makullinsa," ya ci gaba. "Dole in wanke wa abin kai daga jikin injin, ya koma kamar ranar da aka sayo shi, sannan in zuba sabuwa."

"Sakamakon mutane fa?" Manaja ya tambaya.

"Ba abin da zai taɓa su. Ɗan ƙaramin ne kawai zai manta komai. Sunaye za su tafi, rajista za ta tafi, duk abin da ya taɓa rubutawa. Alhamis zan dawo."

Ranar Laraba, lokacin cin abinci da kowa ya fita, na danna. Layuka ne ƙanana rututu, da wani Turanci da ba irin na makaranta ba, rabin kalmomin an gutsure su. Na yi ta komawa baya, sati bayan sati, har na kai ranar. Na ga sunansa. Na ga lokuta a jere. Sauran kuwa, idona ya ƙi tsayawa a kai. Na buga shafin a takarda kamar yadda nake buga wa mutane nasu sakamakon, na ninke uku, na sa a ambulan. Har manne bakin na yi, ban san dalili ba. Ya yini a jakata, ya bi ni gida, Mama tana tambayata me ya sa nake rungume da jaka kamar mai jiran mota.

Alhamis da safe Injiniya ya zo. Da muka shiga ɗakin na ja ƙofa, na miƙa masa ambulan ɗin.

"Ni ba a ɗebi jinina ba, 'yata."

"Na injin ne. So nake ka karanta min kafin ka goge."

Ya kifa wani tsohon bokiti da ya rage a kusurwa ya zauna a kai. Ya yage bakin ambulan ɗin, ya ɗaga takardar kusa da fuska yana bin layi da yatsa.

"Tara da minti huɗu, mai wannan suna ya shiga, ya kunna fitila. Tara da shida ya fita. Tara da arba'in da ɗaya, kebul ya fita daga rami. Biyu saura minti takwas, kebul ya koma." Ya ɗago. "Tsakani ba komai."

"Ni na fisge shi. Ina goge ƙura."

Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina, sai na ji ta ƙarama ƙwarai a cikin kukan fankoki. Ya tashi ya leƙa bayan kejin, ya taɓa kebul ɗin da ɗan yatsa, sai kebul ɗin ya zamo waje da kansa.

"Wannan ai atishawa ma za ta fitar da shi."

"Idan wani ya yi ƙoƙarin shiga a tsakanin nan, zai nuna a takardar?"

"A'a. In kebul ba ya ciki, abin nan kurma ne. Ko mutum ya yini yana buga ƙofa ba zai ji ba, balle ya rubuta."

Ya sake duba takardar, wannan karon can sama inda kwanan wata yake. Ya koma ya zauna a kan bokitin a hankali.

"Ranar ce?"

Na gyaɗa kai.

"To, saurara. Zan gaya miki abin da na sani, ba zan ƙara miki da wanda ban sani ba. Injin bai tsaya ba ranar. Aiki bai tsaya ba, ko ya tsaya?"

"Bai tsaya ba."

"To ba wata gaggawa."

"Amma da kai ne ka sa a share, za ka leƙa ka ga ko zafin ya sauka?"

Ya sosa gemu. "Zan leƙa."

"In shafi ya ƙi buɗewa fa?"

"Zan kira wanda ke wurin."

"In bai ɗauka ba?"

"Sai in kira Manaja in ce a je a duba min baya, in koma in ƙarasa shayina. Ni ba na hawa titi don kebul. Amma ni ne wannan, 'yata. Shi ban san shi ba. Ke kika san shi."

Na san shi. Yaya ba zai kira Manaja ba. Manaja ya taɓa faɗa a gabansa cewa bai ga dalilin da za a bar 'yar sakandare tana shiga ɗakin nan ba, Yaya ya ce shi ya tsaya min, in wani abu ya lalace a kama shi. Irin mutumin ne da zai zo ya lallaɓa ya mayar da kebul, ya fito ya ce hanya ce ta biyo da shi ya shigo gaisuwa. Amma kuma irin mutumin ne da zai tashi haka kawai ya tafi kasuwa neman batirin motar wasan 'yarsa, ya manta da wani injin har washegari. Duka biyun Yaya ne. Na tsaya ina juya su, ba wanda ya fi wani nauyi.

"Wa ke gidan tare da shi safiyar?" Injiniya ya tambaya.

"Matarsa."

"To."

Ya ninke takardar yadda ya same ta ya miƙo min, ya buɗe jakarsa ya fara fito da kaya. Da ya shirya sai ya ja gefe ya ce, "Ke za ki kashe, ko ni?"

Na matsa. Maɓallin yana da ɗan ɗumi. Ban ɗauka zai yi sauƙin dannuwa haka ba. Bangon ya koma launinsa na da, wani fari mai datti, har na ga inda ruwa ya taɓa zubowa daga matakala ya bar zane. Injiniya ya yi aikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Fankokin suka tashi da ƙarfi kamar za su ɗaga kejin, suka lafa. Ya fito da sabon kebul daga leda ya sa, ya shiga da ƙas. Da muka koma teburina shafin ya canza kama gaba ɗaya, jerin sunayen kuma wayam.

"Wane suna zan buɗe miki?"

Ya jira, ya jira, sai ya rubuta mai-shara yana murmushi, ya ce in na yi shawara a canza.

Ƙarfe huɗu muka tashi. Maimakon motar gida sai na tsallaka titi na hau mai zuwa ƙetaren gada. A shataletalen muka tsaya sauke fasinja. Wani yana sayar da caja a kan baro, wata mata tana faɗa da mai babur, an sabunta fentin gefen titin baƙi da fari. Na kalli wurin har muka wuce.

Na tarar da Anti a bakin ƙofar ɗaki a kan kujera 'yar tsugune, ta matse yarinyar tsakanin gwiwoyinta tana mata kitso. Yarinyar tana kukan da ba hawaye. Anti ta ɗago, ta leƙa bayana.

"Ikon Allah. Ke kaɗai? Ina 'yar rakiyar taki?"

"Tana gida."

"Ta san kin fito, ko in shirya amsa tambayoyi?"

"Daga aiki nake."

"To ajiye jakar ki zo ki riƙe min kan nan. Yarinyar nan kamar kifi, tun azahar muke abu ɗaya."

Na durƙusa na riƙe. Yarinyar ta ce, "Goggo, ki ce ta bari," na ce saura kaɗan, ta ce ɗazu ma haka aka ce mata. Anti tana tsaga tana magana, kibiya a baki. Ta ce kan ubanta ta ɗauko, ga girma ga taurin gashi, shi ma mai aski har ƙorafi yake yi. Ta ba ni labarin ranar da ya ce zai gwada yi wa yarinyar kitso da kansa yana kallon bidiyo, aka kwana biyu ana warware abin da ya ƙulla. Haka take hirarsa, ba ta jin nauyi, ta ɗauko wannan rana ta ɗauko waccan. Ina riƙe da kan ina saurare, sai na lura duk zuwan da muke yi da Mama ban taɓa jin ta ɗauko safiyar nan ba, ban kuma taɓa jin wani ya tambaye ta ba. Kowa haƙuri yake ba ta ya tashi.

Aka gama. Yarinyar ta shafa kai, ta manta da kuka, ta ruga maƙwabta za ta nuna. Gidan ya yi shiru, sai rediyon wani can nesa. Na miƙe na nufi inda kwanuka suke.

"Na wanke," Anti ta ce. "Shara ma na yi. Ba abin da ya rage a gidan nan da za ki wanke. Zauna."

Na zauna a dokin ƙofa, gefenta. Tana cire gashi daga mataji tana dunƙulewa a tafin hannu, ba ta kallona. Na haɗa gwiwoyina na riƙe su da hannu biyu.

"Akwai abin da zan gaya miki," na ce. "Amma sai na fara tambayarki."

Ta ajiye matajin a cinya. "Ina jinki."

"Anti, safiyar nan da Yaya ya ɗauki makullin babur, ina ya ce miki za shi?"